Kakin zuma a kan dalmar birgin Kawu

Juma'a, 7 ga Fabrairu 2025

Yau ranar kasuwa, Kawu ya taso daga Madarunfa ya biyo ta rumfata a nan Maradi da birginsa, wato ragar kamun kifi da ake jefawa, a cikin buhu. Dalmar bakin birgin, wadda ke ba shi nauyi ya nutse, ta zube a wurare da dama, wai in duba ko zan iya zuba masa wata, tunda kayan wuta sana'ata ce. Ni walda nake yi, wani lokaci in taya maƙwabcina zubin tukwanen alminiyom, amma ban taɓa narka dalma ba.

Da yake nuna min yadda yake jefawa, sai ya ɗaga bakin birgin ya kama da haƙori, hannu biyu suna riƙe da sauran. Haka kowane mai birgi yake yi, na sha gani tun ina yaro, amma yau ne na lura cewa dalma ce tsirara a tsakanin haƙoransa. Na kama hannunsa na duba, tafin ya yi toka-toka. Na ce, "Kawu, shekara nawa kana cizon wannan abu?" Ya ce, "Tun ba a haife ka ba, ɗana." Bayan tafiyarsa na kasa sakewa. Na karɓi aikin, kuma na ƙudurta ba zan mayar masa da dalma tsirara ba. Zan riƙa rubuta abin da na yi a nan don kada in manta ma'auni.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Ƙanena da ke karatu a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ya zo cin abincin rana, na ba shi labari. Ya ce mutanen da suka fi kowa sanin shafa wa dalma abu su ne masu zuba harsashin ƙaramar bindiga a gida, can Amurka, inda dokarsu ta yarda da haka. Ya buɗe waya ya yi ta fassara min har la'asar.

Damuwarsu daban da tawa. Dalma taushi gare ta, in ta bi ta cikin bututun ƙarfe da gudu da zafi sai ta bar saura a manne a jikinsa, bututun ya ƙazantu, saiti ya lalace. Shi ya sa suke barin tsagi a jikin abin da suka zuba su cika shi da maiƙo. Wasu suna jera su a faranti su kwarara narkakken kaki, ya daskare, su ciro. Wasu suna zubawa a roba tare da wani ruwan maiƙo mai suna Alox su girgiza har ya game jiki, su shanya. Akwai masu injin hannu na kamfanin Lyman ko RCBS da ke matsa maiƙon cikin tsagin. Na baya-bayan nan kuma sun koma wa garin fenti da ake gasawa a tanda. Wani sanannen haɗinsu rabi kakin zuma ne rabi Alox.

Bari in faɗa tun yanzu, ni ba harsashi nake yi ba, ba kuma zan yi ba. Doka ta hana, kuma duk wanda ya san abin da ƙauyukan bakin iyaka ta wajen Madarunfa da Gidan Rumji suka gani a hannun 'yan bindiga ba zai so ko jin kalmar a rumfarsa ba. Abu biyu na ɗauka daga wurinsu: sun san halin dalma a wuta, sun kuma san halin kaki a jikin dalma. Su suna raba dalma da ƙarfe, ni ina so in raba ta da bakin Kawu.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Neman dalma. Mai kayan gwangwan da na fara zuwa wurinsa ya fito min da farantan tsohon batirin mota, ya ce su kowa ke narkawa, kuma sun fi arha. Na ƙi. Abin da ke cikin batir ba dalma zalla ba ce, akwai wani baƙin laka mai guba da ruwan batir a jiki, in ya bushe ya zama ƙura iska ta kwasa. A Senegal, unguwar Caroy da ke gefen Dakar, yara 18 suka mutu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 saboda fasa batir da ake yi a tsakar gidaje. Ba zan kawo wannan unguwarmu ba.

Na zaga wurin masu gyaran taya na tattara 'yan ƙarafan da ake maƙala wa bakin ƙafar mota don daidaita ta. Na haɗa da tsofaffin dalmar da Kawu ya kwance. Duka kilo huɗu da ɗan ɗori, jika uku na kashe. Da dare na zauna ina tantancewa ɗaya-ɗaya da filaya, domin ba duka ne dalma ba, akwai na ƙarfe akwai na zinki. Dalma tana lotsawa in ka matsa, zinki ba ya ko gezau, kuma in ka jefa shi a siminti ƙara yake yi, ita kuwa dalma sai ta faɗi tim. Ƙanena ya ce masu zubin can suna tsoron zinki ƙwarai, ko kaɗan ya narke a ciki sai tukunyar ta yi kauri kamar kunun da ya kwana, ta ƙi cika mazubi. Abin da ke taimako shi ne dalma na narkewa a digiri 327, zinki sai ya kai 420, saboda haka in wuta ba ta wuce kima ba zai taso sama da jikinsa a kwashe.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Zubin farko. Mazubin na yi shi da guntayen alminiyom biyu, na haɗa su na huda ramuka shida masu tsayin gaɓar yatsa, kowane rami da ƙusa a tsakiya don ta bar hanyar igiya. Alminiyom sai digiri 660 yake narkewa, ba abin da dalma za ta yi masa.

Ban yi a gida ba, ban kuma yi a cikin rumfa ba. Na fitar da murhun gawayi bayan rumfa, na tsaya ta inda iskar hunturu ke kaɗa hayaƙi ta yi gaba da shi. Na hana yaran shago biyu matsowa. Tukunya da ludayin da na yi amfani da su na ɗaura musu jan ƙyalle, ba za su ƙara ganin abinci ba har abada. Ba tsoro ne na banza ba. Mu da Zamfara ba nisa, kuma kowa ya ji abin da ya faru a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, su Dareta da Bagega, inda ake niƙa dutsen zinariya mai dalma a cikin gidaje. Yara sama da 400 suka rasu. Ƙura ce kawai, a ƙasan ɗaki, a hannun yaro, daga hannu zuwa baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a kira shi marar illa, kuma yara ta fi yi wa ɓarna, a ƙwaƙwalwa.

Zubi uku na farko duk sun fito da tamoji kamar fatar tsoho, wasu ma ba su cika ba. Mazubin ne ke da sanyi, dalmar na daskarewa kafin ta kai ƙasa. Na ɗora shi gefen murhu ya ɗau zafi, na kuma turara cikin ramukan da harshen kyandir har kunkunniya ta rufe su. Daga nan suka fara fitowa sumul, suna faɗowa da bugu ɗaya na katako. Da na yi sauri da yawa mazubin ya yi zafi ainun, sai suka koma fitowa da fuska mai dishi-dishi, na dakata ya huce.

Wata dabara da na aro ta yi aiki: ɗan kakin zuma kamar ƙwayar gyaɗa a jefa cikin narkakkiyar dalma a juya. Ya yi hayaƙi, ya kama da wuta ɗan lokaci, datti ya tattaru a sama na kwashe, fuskar tukunyar ta koma kamar madubi. Dattin na zuba a gwangwani mai murfi. Abu ɗaya da ban yi wasa da shi ba shi ne ruwa. Jiƙaƙƙen abu in ya nutse cikin narkakkiyar dalma, tururi ne zai watso ta a fuskar mutum. Duk abin da zai shiga tukunya sai da ya sha rana, ludayi ma sai da na gasa shi. Na tashi da guda 140. Na yi wanka a shago na canza kaya kafin in shiga gida.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Na sayi kakin zuma wurin masu zuma a Babbar Kasuwa, da sauran saƙa da matattun ƙudan zuma a ciki. Na narka shi a gwangwani da ke zaune cikin tukunyar ruwan zafi, ban ɗora shi kai tsaye a wuta ba don kaki na kamawa, na tace da tsohon ƙyalle. Yana narkewa ne wajen digiri 62 zuwa 64, ruwan bai ma tafasa ba ya zama ruwa.

Yadda zan gane ko aikin ya yi, farar takarda ce. Dalma tsirara in ka goga ta a takarda tana zana layi kamar fensir. In na shafa kaki na goga ban ga layi ba, to akwai shamaki.

Hanyar faranti ba ta dace da ni ba, su tsagi kawai suke cikawa, ni jiki duka nake so ya rufu. Hanyar girgizawa a roba kuma tana bukatar maiƙo mai ruwa-ruwa. Sai na zura su a waya goma-goma kamar carbi ina tsomawa. Masu sanyi da na tsoma, kakin ya daskare a kansu da kauri, da na matsa da farce ya ɓare kamar ɓawon ƙwai. Da na bar su cikin kakin minti biyu suka ɗau zafinsa kafin in ɗaga, sai ya kwanta siriri ya kama jiki sosai. Wannan shi ne babban abin da na koya yau.

Kaki zalla yana tsagewa da sanyin safiya. Na raba uku: zalla, mai man kaɗanya kashi ɗaya cikin huɗu, da mai kitsen rago kashi ɗaya cikin huɗu. Duka ukun sun ci jarrabawar takarda.

Lahadi, 9 ga Maris

Azumi, aikin wuta ya tsaya. Kawu ya kira ni bayan shan ruwa, na gaya masa ina gwada kitse. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kitsen me? Wa ya yanka?" Na ce na rago ne, daga mahaucin da muke sayen nama. Ya ce to, abin da zai shiga bakinsa sai ya san asalinsa.

Tambayar tasa ta tuna wa ƙanena wani tarihi da ya ba ni daren nan, kuma na ga ya cancanci shiga littafin. Shafa wa harsashi maiƙo tsohon abu ne. Wani hafsan sojan Faransa, Minie, ya fito da samfurinsa a 1849, mai tsagi a jiki da ake cikawa da kitse. Ingila ta yi bindigarta ta Enfil a 1853, harsashinta da albarushi a naɗe cikin takarda mai maiƙo, kuma soja sai ya ciji takardar da haƙori ya yage kafin ya ɗura. Da aka kai ta Indiya, magana ta bazu a cikin sojojin ƙasar cewa maiƙon kitsen alade ne da na saniya. Musulmi ba zai sa alade a baki ba, Hindu ba zai sa saniya ba. Akwai tarin ɓacin rai da mulkin Turawa tun kafin nan, amma wannan ne ya kunna wutar. Ranar 10 ga Mayu 1857 sojoji suka yi bore a garin Mirat, ya bazu arewacin Indiya, kuma bayansa ne gwamnatin Ingila ta karɓe mulkin ƙasar daga hannun kamfanin da ke riƙe da ita.

Na daɗe ina juya wannan. Su ma haƙori ne, su ma maiƙo a kan dalma. Ya ƙara tabbatar min da sharaɗin da na sa wa kaina: ba Alox, ba giris ɗin mota, ba man goge takalmi, ko da sun fi riƙo. Abin da ba zan iya lasa ba, ba zan shafa wa birgin Kawu ba.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Bayan Salla na hau kabu-kabu zuwa tasha, na shiga motar Madarunfa. Tafkin Madarunfa ya ja baya kamar yadda yake yi kowace bazara, bakinsa duk taɓo. Mun zauna ƙarƙashin itace ni da Kawu muka zura dalmar a igiya, kashi uku, kowane kashi na ɗaura masa zare mai launi daban don in gane shi daga baya. Ramin wasu ya toshe da kaki, sai da muka bi da zafaffiyar waya. Wannan kuskurena ne, da na bar ƙusa a ciki lokacin tsomawa.

Ya shiga ruwa zuwa gwiwa ya jefa. Birgin ya buɗe da kyau ya nutse yadda ya saba, kakin bai rage masa nauyin da za a ji ba. Jifa na huɗu ya fito da karfasa biyar da ƙaramar tarwaɗa. Ya ce bakinsa ƙamshin zuma yake ji maimakon ɗanɗanon ƙarfe. Masunta uku suka matso suna taɓawa, ɗaya ya ce in ya yi kyau shi ma yana so. Na ce a bari tukuna, sai an gwada akan san na ƙwarai.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Zafin Maradi ya yi min nasa gwajin. Ragowar da na bari a rumfa ƙarƙashin kwano, na buɗe gwangwanin yau na tarar masu man kaɗanya sun yi naso, sun manne da juna, ƙura ta kama su. Dama man kaɗanya a tafin hannu ma narkewa yake, ban yi tunanin Afrilu ba lokacin da nake haɗawa a cikin sanyi. Masu kitse sun yi laushi amma suna nan. Na zalla bai motsa ba.

Ashe wannan ma damuwar masu zubin can ce, ƙanena ya ce suna da maiƙon sanyi da na zafi, kuma masu zama a jihohi masu zafi suna ƙara wani kaki mai tauri da ake samu daga ganyen wata irin giginyar Barazil, karnuba, wanda sai ya wuce digiri 80 yake narkewa. A nan ban san inda zan same shi tsantsa ba sai a cikin man goge mota, shi kuwa an haɗa shi da abubuwan da ba na ci ba. Na bar shi. Na soke man kaɗanya. Sabon haɗi: kaki kashi tara, kitse kashi ɗaya.

Lahadi, 4 ga Mayu

Na koma Madarunfa da takardata. Wata ɗaya birgin yana aiki kusan kullum.

Ban ji daɗin abin da na gani ba. Masu man kaɗanya babu ko alamar kaki a jikinsu. Masu kitse da na zalla, kakin ya saura a bakin rami da gefe-gefe, amma cikin dalmar, inda take gogar ƙasa in ana jawo birgi, ya goge tas. Na ɗauki goma daga kowane kashi na goga a takarda. Masu man kaɗanya duka sun zana, masu kitse bakwai, na zalla shida. Kawu ya ce tun mako na biyu ƙamshin zuman ya tafi.

A hanyar dawowa na gane inda lissafina ya karkace. Maiƙon da na aro dabararsa aikin ƙiftawar ido aka yi shi ya yi, sau ɗaya, shi ke nan. Ni kuwa ina neman kaki ya jure yashi da taɓo da rana, jifa ɗari a wuni, wata da watanni. Ba a yi shi don haka ba. In za a dogara da kaki, sai an riƙa sabunta shi duk mako, kuma ba masuncin da zai kwance birgi duk mako ya tsoma. Na yi tunanin garin fentin da suke gasawa, an ce yana da riƙo ƙwarai, amma yana bukatar tanda mai riƙe zafi wajen digiri 200 wadda ba za a ƙara gasa abinci a ciki ba, kuma fentin da zai ɓare a haƙori ban yarda da shi ba.

Abin da ya fi tsaya min a rai ba takardar ba ce. Muna zaune jikan Kawu, yaro ɗan shekara uku, ya rarrafo kan birgin da aka shanya ya ɗauki bakin igiyar yana wasa da dalmar. Na ɗauke shi na wanke masa hannu da sabulu. Na roƙi Kawu da matarsa, don Allah a riƙa rataye birgi sama inda yaro ba ya kai, a kuma wanke hannu kafin a taɓa tuwo. Inna ta ce ai ba su san abin ya kai haka ba, ta tashi nan take ta rataye shi a reshe.

Lahadi, 25 ga Mayu

Na canza hanya. Na tambayi Kawu ko dole ne ya ciji ko'ina a bakin birgin, ya ce a'a, inda hannu ya kai ne kawai, in da alama zai iya kama wuri ɗaya kullum. To a wuri biyu masu fuskantar juna na cire dalma tsawon kamu ɗaya, na sa ƙananan notin ƙarfe a madadinta, na ɗinke su cikin ƙyallen kanbas mai kauri, na naɗe da jan zare don ido ya gan shi da sauri. Ƙarfe bai kai dalma nauyi ba, kusan kashi bakwai cikin goma yake a girma ɗaya, sai na ƙara yawan notin har na auna a sikelin mai shago ya yi daidai da dalmar da na cire. Ƙyallen na jiƙa shi da sabon haɗin kakin, a nan kakin yana da amfani na gaske, zai rage wa notin tsatsa, kuma zare na riƙe shi fiye da yadda santsin dalma ke riƙewa.

Jiya na kai masa. Jifa biyu na farko ya manta ya kama tsohon wurinsa, na uku ya nemi jan zaren. Birgin ya buɗe daidai, gefen notin bai yi jinkirin nutsewa yadda na ji tsoro ba. Ya ce ƙyallen ya fi daɗin kamawa a haƙori. Hannunsa dai har yanzu yana taɓa dalma, wannan ban warware shi ba tukuna. Ina tunanin ɗinke bakin birgin gaba ɗaya cikin ƙyalle, amma Kawu yana ganin zai riƙe ruwa ya yi nauyi ya kuma kwaso taɓo, kuma shi ya fi ni sanin ruwa. Mun yi da shi zan ɗinke rubu'i ɗaya kawai mu gani.

Na kuma roƙe shi in ya shigo Maradi mu je asibiti mu tambaya ko ana iya auna dalma a jini, shi da yaron. Ya ce sai bayan Babbar Salla. Na gaya wa uwargida ta ajiye min kitsen ragon layya. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas da yamma, in ruwa ya sauka gulbi ya kawo, tafkin zai cika, taɓon bakin ya nutse, sai in ga yadda ƙyallen zai yi a ruwa mai zurfi. Masuncin nan da ya nemi in yi masa ya sake aiko saƙo, na ce ya kawo birginsa ranar Litinin in sa masa jan zare biyu, dalmar kuwa ya bar tasa yadda take.